Ginin Takarda da Sana'ar Tandu: Sharhi a kan Darasin Aikin Hannu

Manufar wannan sharhi ita ce duba yadda ake koyar da ginin takarda a makarantunmu na firamare, watau sana'ar nan da Faransawa suka laƙaba wa sunan da ke nufin "taunanniyar takarda". Ra'ayinmu shi ne, an ɗauki sana'ar a kan baƙuwa ce tsantsa, alhali kuwa tana da 'yar'uwa a gida.

Ga yadda aikin yake. Akan yayyaga tsohuwar takarda a jiƙa ta, a dama sitaci ko ƙaro, sannan a riƙa liƙa ta falle bisa falle a jikin wata siffa. Kowane shafe sai ya sha iska kafin a ɗora wani, in ba haka ba ciki ya yi fumfuna. Idan ya bushe sarai sai a cire siffar, a goge, a yi fenti.

Duk wanda ya san tandu ya san wannan dabara. Mai tandu yakan gina siffa da yumɓu, ya lulluɓe ta da jiƙaƙƙiyar ɗanyar fata, ya shanya, sannan ya farfasa yumɓun ya zazzage, a sami mazubin kwalli ko na man shanu. Bambancin kawai shi ne, can fata, nan takarda.

Aibin darasin makaranta guda biyu ne. Na farko, kwaikwayo: sau da yawa akan sa yaro ya siffanta abin da ke cikin littafi, kamar tuffa, maimakon tulu ko akushi da ya tashi yana gani. Yaron Damari, a ƙasar Birnin Gwari, yana da yumɓu da itatuwan ƙaro a kusa da shi, amma sai a nuna masa cewa gwaninta daga waje take zuwa. Na biyu, gaggawa: ana son a gama cikin darasi ɗaya, ga shi kuwa rabin sana'ar jira ne.

Tarihin Ladi Kwali ya isa misali. Bagwariya ce da ta iya ginin tukwane tun a gida, kafin ta shiga cibiyar Michael Cardew ta Abuja, watau Suleja ta yau, a 1954. Ta koyi sabuwar dabara, amma zanen gargajiyarta ne ya fid da ita, har hotonta ya hau takardar Naira 20. Haka kuma a Kashmir, inda ginin takarda ya daɗe a hannun Musulmi, an san su da gidan alƙalami da ƙananan akwatuna, wani ya gina, wani ya zana.

Akwai wani hanzari da ba za a tsallake ba. Bahaushe na girmama takarda mai rubutu, musamman ta Larabci, jaridunmu kuwa ba sa rasa aya ko sunan Allah. Iyaye da yawa kuma ba sa son mutum-mutumi. Malamin da ya yi biris da waɗannan, shi zai ja wa darasin baƙin jini. Maganin a fili yake: a tantance takarda kafin a jiƙa, a yi amfani da kwali da takardar buhun siminti, a kuma fuskanci mazubai kamar yadda masu tandu suka yi.

A ƙarshe, ba mu ce takarda za ta kai fata ƙarko ba. Damina ɗaya ta ishe ta. Darajarta ita ce araha, da kuma horon hannu da haƙuri. Shawararmu ga masu tsara manhaja ita ce, a fara ajiye tandu a gaban yara kafin a miƙa musu takarda, domin su san inda igiyar ta faro.