Sarkin Munana a Kan Dogo

Cikin masu sha'awar haɗa ƙananan jiragen ƙasa a ɗaki, in ka ce kowa ya faɗi gwaninsa, yawanci Flying Scotsman ko Mallard za ka ji, masu sheƙi da kyan diri, ɗaya kore ɗaya shuɗi. Ni gwanina baƙi ne wuluk, ga katon ciki, ga ƙafafu a waje tsirara. Sunansa Q1, kuma tun fitowarsa a 1942 mutanen Ingila suka yi ittifaƙi cewa ba su taɓa ganin kan jirgi mai muni irinsa ba. Samfurinsa da kamfanin Hornby ya fitar a 2003 shi ne abin da na fi ƙauna cikin duk abin da ke gudu a kan ɗan layin dogona, kuma ba na gajiya da yabonsa.

Sai ka san halin da aka haife shi a ciki kafin ka gane dalilin wannan ƙauna. Kamfanin jirgin ƙasa na Southern, wanda a lokacin ke riƙe da kudancin Ingila, da jigilar fasinja aka san shi. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, sai ga sojoji da makamai da kaya sun yi masa yawa, domin layukansa ne ke kaiwa gaɓar tekun da ke fuskantar Faransa. Ana neman kan jirgi mai jan kaya da ƙarfin gaske, wanda kuma bai yi wa gadoji da ƙananan layuka nauyi ba, ga ƙarfe ya yi wuya. Babban injiniyan kamfanin, Oliver Bulleid, haifaffen New Zealand, ya ɗauko zanen murhun manyan jiragen fasinja na ajin Lord Nelson, ya ɗora katuwar tukunya a kan ƙafafu shida kacal, sannan ya bi jikin jirgin yana cire duk abin da ba dole ba ne. Dandamalin da ma'aikata ke takawa a gefen tukunya ya tafi. Murfin ƙafafu ya tafi. Ado kuwa ba a ma kawo zancensa ba. Aka ƙera guda 40 cikin shekara ɗaya, 20 a Brighton, 20 a Ashford, kowanne nauyinsa bai wuce tan 51 da 'yan kai ba, amma a duk jirage masu ƙafa shida da aka taɓa yi a Birtaniya babu wanda ya kai shi ƙarfin ja. Kai, wannan bawan Allah ya san aikinsa!

Ma'aikata suka raɗa masa sunaye iri-iri, daga mai ce masa butar kofi sai mai ce masa Charlie, saboda lambobinsa da harafin C suka fara, C1 zuwa C40. Ana ma ba da labarin cewa William Stanier, babban injiniyan wani kamfanin, da ya gan shi sai ya tambaya ta ina ake murɗa mabuɗinsa, wai ya yi kama da jirgin wasan yara.

To a nan ne samfurin ya ci tuta. Kyakkyawan kan jirgi yana rufa wa mai ƙera samfurinsa asiri, domin rabin jikinsa a lulluɓe yake da fallen ƙarfe mai santsi, in an yi kuskure a ƙasa ba mai gani. Q1 ba ya rufa wa kowa asiri. Komai nasa a fili yake, kamar akuyar da mahauci ya feɗe ya rataye. Ma'aunin samfurin shi ne wanda ake kira OO, wato milimita 4 a madadin ƙafa guda, saboda haka jirgin da ya kusa ƙafa 55 ya dawo kimanin santimita 22, kana iya ɗora shi a tafin hannu biyu. Amma sunkuya ka sa ido daidai da dogo ka duba. Za ka ga rigar tukunyar kashi uku ce, kowane kashi da nasa girman, suna hawa kamar matakala daga gaba zuwa ɗakin direba, gefensu a miƙe, samansu a lanƙwashe. Ba don ganin dama aka yi haka ba. Abin da aka naɗe tukunyar da shi don riƙe zafi audugar gilashi ce, mai araha a lokacin yaƙi amma ba ta ɗaukar nauyi, shi ya sa aka yi wa rigar nata sassan daban. Duk wannan ya fito a samfurin tsaf, har layin da ke raba kashi da kashi.

Sai ƙafafun. Allah ya sani, zan iya wuni ina kallon ƙafafun nan. Maimakon sanduna sirara irin na sauran jirage, faifai ne mai lotsawa da ramuka, ƙirar da Bulleid ya yi tare da kamfanin ƙarfe na Firth Brown. A jikin ainihin jirgin tsayin kowace ƙafa ƙafa 5 ne da inci 1, a samfurin kuwa santimita 2. Da yake babu murfi, kana ganinsu tun daga dogo har sama. Ka ba shi wuta kaɗan ya fara rarrafe, sai ramukan nan su riƙa juyawa ɗaya bayan ɗaya, sandar da ta haɗa ƙafafun uku tana hawa tana sauka, ga wata 'yar siririyar sanda a gaba, wadda ke motsa famfon mai, tana kai da komo abinta. Siririya ce ƙwarai har sai ka riƙe numfashi in za ka ɗaga jirgin. Wanda ya zauna ya ƙera wannan 'yar sanda, ya sa ta motsi alhali mutum goma za su wuce ba su lura da ita ba, ya cancanci a yi masa jinjina. Bututun hayaƙin ma sun kama shi daidai, gajere mai faɗin baki, domin a ƙarƙashinsa kafofi biyar ne ke fesa tururi.

Wani daɗin kuma, wannan jirgi yana son dauɗa. In ka shafa wa Mallard ƙura sai ka ji kamar ka yi laifi. Q1 kuwa a cikin toka da tsatsa ya yi rayuwarsa, yana jan taragun kwal da kaya ta Feltham da Guildford da Tonbridge. Saboda haka mai son fenti ya samu fili. Ɗan garin launin toka a saman tukunya, jan ƙasa-ƙasa a wajen birki, farin zane siriri inda ruwa ke tsiyaya, sannan a farfasa kwal na gaske a manna a taragon bayansa, shi ke nan ya tashi daga abin wasa ya koma ma'aikaci. Ni na fi son shi da baƙin fentin lokacin yaƙi, da sunan kamfanin rubuce da rawaya. Wasu sun fi son na bayan 1948, lokacin da gwamnati ta karɓe jiragen ƙasa aka sauya masu lamba zuwa 33001 har 33040. Duka biyun suna da kyau, kuma masu ƙaramin ɗaki ba a bar su a baya ba, kamfanin Dapol ya yi shi a ma'aunin N.

Ainihin jirgin an yi shi ne don ya ga ƙarshen yaƙi, sai ga shi ya yi aiki har 1966. Guda ɗaya ya tsira, C1, na farkonsu, wanda yanzu mallakar gidan tarihin jiragen ƙasa na York ne, kuma ya yi shekaru yana jan masu yawon buɗe ido a layin Bluebell. Yara ma sun san shi, shi ne Neville a shirin talabijin na Thomas.

Wanda ya ɗanɗani Q1 ba ya tsayawa nan. Cikin sauran munana akwai jiragen ajin 9F guda goma na 1955 masu tukunyar Crosti, waɗanda hayaƙinsu ke fita ta wani bututu a gefen dama kusa da ɗakin direba. Sama da kowa kuma akwai Leader, shi ma na Bulleid, wanda ya fito daga Brighton a 1949: kan jirgi mai tururi da siffar dogon akwati, ƙafafu goma sha biyu, ɗakin direba gaba da baya, mai zuba kwal kuwa an saka shi a tsakiya yana shan zafi. Biyar aka fara, ɗaya aka gama, zuwa 1951 duk an yanka su. Na riga na ware wa samfurinsa wuri kusa da Charlie, kuma da launin tokar da ya yi gwaji da shi zan fente shi in Allah ya yarda.