GINI SAI DA SHAWARAR MAI ZAMAN ƊAKI

Yau kan maganar gini zan tsaya, kuma na san wata za ta ce ina ruwan mace da gini, ai aikin maza ne. To 'yar uwa, ki tsaya ki ji. Maigida da ya karya kumallo sai ya fice kasuwa ko fadama, da la'asar yana gindin darbejiya a majalisa. Wa ke wuni cikin ɗakin da aka gina? Wa ke tara kwanoni in rufi ya fara yoyo? Ke ce, amma ranar da za a ja igiyar harsashi ko sallama ba a yi miki.

Abin da ya sa na ɗauki biro kaina ya faru. Na ci adashe, na haɗa da ɗan abin da littattafaina suka kawo, na ce bari in gina wa mahaifiyata ɗaki biyu na bulo a gidanmu na Magarya, ta huta da yaɓe duk shekara. Aka kawo mini wani magini, ba zan kama sunansa ba, bakinsa kamar zuma, kuɗinsa kuma ya fi na kowa sauƙi. Cikin sati shida ya gama, ya shafa fenti shuɗi, mata suka yi ta zuwa kallo. Damina ɗaya wallahi, bango ya tsage tun daga taga har ƙasa, in ka kankari bulon da farce sai ka ga yashi na zuba. Ashe harsashin ko gwiwa bai kai ba. Soron kakata kuwa da ke gefe, wanda ya girmi mahaifiyata, ko gezau. Tsohuwar ta dube ni ta ce, "Ke ɗiyar ga, mi kika ɗauka? Gini ba fenti ba ne." Na rasa bakin magana, araha dai ba ta ado.

Laifinmu na farko shi ne raina namu. Yanzu yarinya in za a kai ta gidan ƙasa sai ta yi ta kuka wai ƙawaye za su yi mata dariya. Haba! Wurnon nan da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna har ya rasu a 1837, da Magaryarmu da ya yi zaman ribaɗi, da mene ne aka gina su? Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina tun zamanin Sarki Abdulkarimu, ba da ƙasa da azara ya ɗaura bakansa ba? Mutanen da sun san abin da suke yi. Bango mai kauri na tubali yana tare zafin rana, da dare kuma lokacin hunturu ya riƙe ɗumi. Ki shiga ɗakin bulo mai kwano ba sili a watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, ki ga yadda jariri ke kwana kuka, ƙuraje sun feso masa. Ga wutar lantarkin ba tabbas, balle a ce fanka za ta cece ki.

Amma kada in yi son zuciya. Ginin ƙasa yana da nasa sharri. Yana son yaɓe da makuba kafin kowace damina, a gyara indararo, a duba azara ko gara ta ci. Mazan yanzu kuwa da wuya su tsaya, sai a bar soro shekara uku ba a taɓa ba, ruwan Agusta ya zo ya danne mutane cikin barci. Sannan ƙasa ba ta jure ruwa ya kwanta a gindinta. Waɗanda suka ga ambaliyar watan Satumba na 2010, lokacin da ruwan madatsar Goronyo ya malalo ta gulbin Rima, ba za su manta yadda gidaje suka narke kamar gishiri ba. Saboda haka wanda filinsa ke kusa da fadama, ko da tubali zai yi gini, ya sa dutse da siminti a harsashi, ya ɗaga daɓen sama.

Shi kuma bulo, ga kamfanin siminti a Kalambaina kusa da mu, amma a farkon 2024 buhu ya haura naira dubu goma. Tun daga nan ha'inci ya ƙaru, buhun da ya kamata ya ba da bulo talatin da 'yan kai sai a matse shi ya ba da ninki. Irin wannan gini ai gara na ƙasa sau goma.

To in Allah Ya hore, ya za a zaɓi magini? Kada a dubi ginin da ya gama jiya, sabon fenti yana rufa asirin kowa. A nemi wanda ya yi shekara biyar, ke da kanki ki shiga wurin matar gidan ki tambaye ta, ita ce ba za ta ɓoye miki yoyo ba. A sayi siminti da rodi da hannu, a biya shi kuɗin aiki kashi-kashi, kada a danƙa masa duka. A ɗaga bulo ɗaya a sake shi ƙasa, in ya wargaje a mayar da kayan. A tabbata ana ba ginin ruwa safe da yamma. In kuma tsohon gida za a saya, a je duba shi da damina, a kalli gindin bango da azara, a tambayi maƙwabta inda ruwa ke bi.

Ki kuma sa baki a tsari cikin ladabi. Ina madafa za ta kasance don hayaƙi? Masai ya yi nisa da rijiya? An bar tsakar gida ta shanya da wasan yara, ko duk an cinye da shaguna?

Na ƙarshe, kuma shi ya fi ci mini rai. Mata nawa suka sayar da sarƙa da akuyoyin gado suka zuba a ginin miji, ranar da aure ya mutu suka fita da akwati kaɗai? In kin sa kuɗinki, a rubuta, a sa shaidu. Wannan ba rashin yarda ba ne, addini ma ya ce a rubuta bashi.

Ni dai na sake tara wani adashen, wannan karon kuwa da kakata za mu zaɓi magini. Allah Ya ba mu muhalli mai albarka, Ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin.