"Sodade": Waƙar Kewa da Aka Manta Mafarinta

Tun shekarar 1992 wata waƙa take yawo a gidajen rediyo, daga Pari har Dakar. Muryar mace ce, mai kauri, ba ta gaggawa, ba ta ɗagawa sama. Wanda bai san harshen ba yakan zaci waƙar soyayya ce, ko ta lallashin jariri. Sunan waƙar "Sodade", mai rera ta kuwa Cesária Évora, mutuniyar tsibiran Kap-Ber. Waƙar ta cancanci yabon da ta samu. Amma da yawa cikin masu yabon ba su san abin da suke yabo ba, laifin kuwa ba nasu kaɗai ba ne.

Kap-Ber tsibirai goma ne a cikin Tekun Atlantika, kimanin kilomita 570 yamma da Dakar. Sa'ad da jiragen Fotugal suka iske su wajen 1460, ba kowa a cikinsu. A 1462 aka kafa garin Ribeira Grande a tsibirin Santiago, ya zama zangon fataken bayi tsakanin gaɓar Afirka da ƙasashen ƙetaren teku. Daga cuɗanyar bayin da Turawan ne aka sami jama'ar tsibiran da harshensu, Kiriyol, wanda da shi ake wannan waƙa.

Ruwa ya kewaye su ta kowane gefe, duk da haka ƙasar fari ce. Ƙurar hunturu da take tasowa daga hamada takan kai har can. Tsakanin 1941 da 1943, da kuma ƙarshen shekarun 1940, damina ta ƙi, yunwa ta kashe dubun dubatar mutane. Gwamnatin Fotugal, maimakon ta kawo hatsin da zai isa, sai ta buɗe wa mayunwata wata ƙofa: su sa hannu a takardar kwantiragi, a kwashe su zuwa gonakin koko na tsibirin São Tomé, can kudu mai nisa. A takarda dai aikin lada ne. Amma mai jin yunwa ba ya ciniki. Da yawa ba su sake ganin gida ba, jikokinsu suna can har wa yau.

A tsakiyar wannan hali, cikin shekarun 1950, wani ɗan kasuwa na tsibirin São Nicolau, Armando Zeferino Soares, ya tsara waƙar, domin sallamar masu tafiya. Kalmominta ba su da yawa, yaro ma zai haddace su a zama ɗaya. Ana ambaton doguwar hanyar São Tomé, ana ambaton São Nicolau, sa'an nan a taɓo zancen wasiƙa da mantuwa tsakanin wanda ya tafi da wanda ya zauna. Ba a zagi gwamna ba, ba a ambaci bulala ko yunwa ba. A zamanin da ƴan sandan ciki suke sauraron bakin kowa, wannan ba abin mamaki ba ne. Duk matar da mijinta ya tafi ci-rani shekara ta zagayo ba saƙo, za ta gane abin da kalmar "sodade" take nufi ba sai an fassara mata ba. Kewa ce, amma irin wadda ba ta da ranar ƙarewa.

Gwanintar Cesária tana cikin abin da ta hana kanta yi. Ba ta kuka a cikin waƙar. Ba ta karkarwa da murya domin ta ba mai sauraro tausayi. Tana faɗin kalmomin kamar tsohuwar da ta riga ta gama makoki tun da daɗewa, yanzu labari kawai take bayarwa. Tana jan kalmar nan ɗaya, ta maimaita, ta sake maimaitawa, ba ta ƙara mata nauyi ba, har nauyin ya taru da kansa. Wannan ba abin da ake koyo a makaranta ba ne. An haife ta a 1941 a Mindelo, garin da ya yi arziki sa'ad da jiragen Ingila suke tsayawa ɗaukar gawayi, ya talauce da suka daina. Mahaifinta makaɗi ne, ya rasu tana ƙarama. Ta yi shekaru tana waƙa a mashayar matuƙan jirgi, ladan bai taka kara ya karya ba, sa'an nan ta yi shiru wajen shekara goma bayan ƙasar ta sami ƴanci a 1975. Tana da shekara 51 faifan "Miss Perfumado" ya fito da wannan waƙa a cikinsa. Ana jin shekarun nan duka a muryar.

Inda akwai abin faɗa shi ne tufafin da aka sa wa waƙar. Kiɗan jita da na ƙaramar jitar nan da suke kira kabakinyo ya fito sumul, ba ƙura, ba gumi. Yana da daɗi ƙwarai, daɗin kuwa shi ne matsalar, gama ya sa waƙar ta dace da ɗakin cin abinci na manyan otel, inda ake sa ta a hankali domin kada ta dami masu hira. Bonga, mawaƙin Angola, ya riga ya rera ta a 1974 da muryarsa mai kaushi kamar ta wanda ya kwana yana kira. Tasa ba ta kai ta Cesária kyau ba, amma ta fi wuyar mayarwa abin ado. Masu tallar faifai kuma sun fi ba da ƙarfi ga ƙafafunta marasa takalmi bisa ga labarin gonakin koko.

Akwai wata hasara kuma. Da duniya ta kama irin wannan waƙa mai sanyi, wato morna da ƙanwarta koladera, sai aka ɗauka ita ce muryar Kap-Ber duka. Ba haka ba ne. A Santiago, inda jinin Afirka ya fi yawa, mata suna da batuku: sukan zauna a da'ira, su dunƙule tsumma tsakanin cinyoyi suna bugawa da tafin hannu. Hukumar mulkin mallaka ta tsangwami wannan kiɗa, limaman ikilisiya na lokacin kuma sun taya ta, abin da ba shi da daɗin tunawa. An shigar da morna cikin jerin al'adun duniya na UNESCO a 2019, ta kuwa cancanta. Amma wanda ya san Cesária kaɗai, rabin gidan ya gani.

Ko mai waƙar ma an so a manta da shi. Shekara da shekaru sunayen waɗansu mawaƙa biyu ne a jikin faifai, kuɗin kuma ba wurinsa yake zuwa ba. Sai a ƙarshen 2006 kotu ta tabbatar cewa Armando Zeferino Soares ne ya tsara ta. Ya rasu a 2007. Cesária ta bi shi ranar 17 ga Disamba 2011, a tsibirinta na São Vicente, filin jirgin saman tsibirin kuma yanzu sunanta yake ɗauke da shi.