Ganuwar da ba ta da suna: sharhi a kan zanen fentin ruwa na gine-ginen Magrib

Masana Turai suna kiran waɗannan zane-zane da sunan "na Gabas", alhali Marrakesh tana yamma da Paris, kuma ma'anar Magrib a Larabci ita ce yamma. Tun daga suna ke nan batun ya karkace.

Eugène Delacroix ya shiga Maroko a 1832, cikin tawagar da Faransa ta aika wa Sarki Abdurrahman. Fentin ruwa ya dace da matafiyi, don ba shi da nauyi kuma yana bushewa nan take. Da shi ya ɗauki ƙofofi da ganuwar Meknes a littattafansa na tafiya, yana rubuta sunayen launuka a gefe. Ba mu musun gwanintarsa: hasken rana a jikin jar ƙasa ya fito sarai.

Inda muke da magana shi ne kudancin duwatsun Atlas. A 1930 Jacques Majorelle ya buga kundin hotuna 30 mai suna Les Kasbahs de l'Atlas. Kalma guda, kasba, ta rufe kan littafin, alhali masu ginin, Imazighen, sun bambance: ighrem shi ne ƙauye mai ganuwa, tighremt gidan iyali mai hasumiya, agadir kuwa rumbun jama'a. Rumbu dabam, gidan mai mulki dabam. Kasbar Taurirt ta Warzazat, alal misali, a wancan lokaci tana hannun gidan Glawi, abokan mulkin mallakar Faransa, amma mai kallo ba zai ga haka ba; inuwa da zinariya kawai zai gani.

Haka ma aikin magina. Ganuwar nan ƙasa ce da ake dannawa tsakanin alluna biyu, hawa bisa hawa, har ramukan sandunan su zauna a jiki. Ba tubali ba ne irin na Damagaram da ake mulmulawa da hannu. Burushi mai ruwa yakan shafe wannan bambanci, ginin ya koma kamar dutsen da ya tsiro da kansa.

Abin ya shafe mu, mu masu haɗa ƙamus da littattafan yaƙi da jahilci, domin hoto yakan rigayi kalma shiga idon ɗalibi. Wanda ya ɗauko irin wannan zane ya rubuta "soro" a ƙarƙashinsa ya maimaita kuskuren Bafaranshe da Hausa. Kafin a sa hoto, a tambayi magini sunan abin, da harshensa, da wanda ke kwana ciki.