Gona, Garke da Rumbu: Sharhi a Kan Manufar Noma ta Gwamnati a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

1.0 Gabatarwa



Maƙasudin wannan takarda shi ne a yi sharhi a kan yadda gwamnati ta ɗauki sha'anin noma a kudancin Jihar Katsina, watau ƙasar Funtuwa da Malumfashi, tun daga 1975. Abin da nake son in tabbatar guda ɗaya ne. A wurin manomi, gona da garke da rumbu abu ɗaya ne, kowanne yana ciyar da ɗan'uwansa. Amma manufar gwamnati ta raba su gida uku, ta ƙoshar da na farko, ta bar sauran biyun da yunwa. Ban riski farkon al'amarin ba, domin an haife ni bayan an nannaɗe tabarmar shirin da zan yi magana a kansa, to amma na tashi a cikin gadonsa.

2.0 Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa

A 1975 aka buɗe Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, shi da takwarorinsa biyu na Gusau da Gombe. A lokacin wannan yanki yana cikin Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda ta koma Jihar Kaduna a 1976, kafin a yanke Jihar Katsina a 1987. Shirin ya ƙunshi gundumomin Funtuwa da Bakori da Faskari da Ƙanƙara da Malumfashi, ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 7,500 ko kusa da haka, da gidajen manoma fiye da 80,000, aka kuma ɗebar masa shekara biyar.

Adalci ne a fara da alherinsa. Shirin ya share hanyoyin karkara, ya gina madatsun ruwa, ya kafa cibiyoyin sayar da takin zamani da iri kusa da ƙauyuka, ya kuma baza malaman gona. Da ingantaccen irin masara da ya fito daga cibiyar bincike ta Ibadan, da taki wanda gwamnati ke biyan kaso mafi tsoka na kuɗinsa, sai masara ta tashi daga abar gasawa a bayan gida ta zama amfanin gona na kasuwa. Duk wanda ya taɓa ganin manyan motoci suna lodi a kasuwar Ɗandume ya ga 'ya'yan wannan shiri.

To amma akwai kurakurai biyu a tushensa. Na farko, an karkasa manoma aji-aji: manyan manoma, da waɗanda aka kira masu son ci gaba, da waɗanda aka kira na gargajiya. Malamin gona ya fi zuwa wurin ajin farko da na biyu, alhali aji na uku shi ne mafi yawan jama'a. Na biyu, an so manomi ya bar haɗa dawa da gero da wake a gona ɗaya, ya koma shuka iri guda. Abin mamaki, masana na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, irin su David Norman, sun riga sun nuna cewa wannan haɗi dabara ce ta mai ƙaramin ƙarfi, domin in wani ya ƙi, wani ya yi. Haka kuma aka yi ta fama da manomi ya shuka auduga da wuri a kuma yi mata feshi, shi kuwa ya ƙi, domin a farkon damina hannunsa yana kan abin da iyalinsa za su ci. An kira wannan taurin kai, alhali lissafi ne.

Ba a rasa masu suka ba tun a lokacin. Gwamnatin Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa, wadda ta hau mulkin Jihar Kaduna a 1979, ta ƙi amincewa da sharuɗɗan faɗaɗa shirin, musamman batun wanda zai riƙe ragamar gudanarwa. An tsige shi a 1981, amma salon Funtuwa ya bi sauran jihohi, har ya kai ga hukumar KTARDA a Jihar Katsina.

3.0 Garke

A nan ne nake ganin babban giɓi. Tsohon tsarin wannan ƙasa shi ne, in an kwashe amfani, Bafillace ya shigo da shanunsa su ci kara da harawa, su bar wa mai gona taki, a rabu da mutunci, wani lokaci har da damin dawa. Manomi da kansa yana da shanun huɗa da tumaki da awaki, waɗanda su ne asusunsa ranar biki ko rashin lafiya. Da takin zamani ya yi araha, sai manomi ya daina jin yana bukatar makiyayi. Da noman masara ya yi riba, sai gona ta ci daji, ta ci burtali, ta ci mashaya. Dokar keɓe wuraren kiwo ta Jihar Arewa tana nan tun 1965, amma doka a takarda ba ta tare garma. Shirin ya ƙidaya buhunan da aka samu a kowace eka, bai ƙidaya hanyar shanun da ta toshe ba.

Haka sha'anin lafiyar dabbobi ya kasance. Gangamin allurar cutar bushiya da ƙasashen Afirka suka fara a 1962 ya yi nasara ƙwarai, to amma da aka gama shi sai aka yi sake da yi wa 'yan maruƙa allura kowace shekara. A 1983 cutar ta dawo Nijeriya ta hallaka shanu masu ɗimbin yawa, a daidai lokacin da ake ta yayata shirin bunƙasa noma na gwamnatin Shehu Shagari. Sai a 2011 aka bayyana kawar da bushiya daga duniya baki ɗaya. Darasin da ke ciki shi ne, lafiyar garke ba aikin gangami ba ce, aikin kullum ce. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom, wadda ke nan tun 1924, tana haɗa allurai. Abin tambaya shi ne ko allurar ciwon huhu za ta isa ruga a bayan Faskari da sanyinta, a hannun wanda ya iya, a kan lokaci. Inda ba ta isa ba, makiyayi yakan sayi magani a faifan ɗan koli ranar kasuwa, ya yi allura da kansa, ya tatsi nono a wannan rana a kai wa jama'a.

Ba na cewa takin zamani ne ya haifi ta'addancin da ya addabi Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara a shekarun baya-bayan nan. Dalilansa suna da yawa. Abin da nake cewa shi ne, igiyar bukata da ta ɗaure manomi da makiyayi ta tsinke, gwamnati kuwa ba ta tuƙa wata a madadinta ba.

4.0 Rumbu

Manufar gwamnati takan tsaya ne a bakin gona, kamar dai in an yi girbi aiki ya ƙare. Alhali masara ba gero ba ce. Gero yakan shekara a rumbu a damensa, masara kuwa in aka zuba ta a buhu da sauran danshi sai ta yi funfuna, funfunar nan kuma tana iya haifar da dafin da ake kira aflatoksin, wanda ke lahanta hanta, yake kuma bi ta abincin dabba ya fito a nono. An koya wa manomi noman masara, ba a koya masa ajiyarta ba.

Ga kuma maganin ƙwari. Na taɓa tarar da wani dattijo, danginmu, yana yayyafa wa wakensa fiya-fiya kafin ya ɗinke buhu, a gefe kuma ga wasu buhuna biyu ya ware bai taɓa su ba. Na tambaye shi, ya ce, "Ɗana, waɗannan na gida ne." Bai yi haka don mugunta ba, ƙwaro ne zai cinye masa jari, babu kuma wanda zai biya shi ƙarin ko kwabo don wakensa ba shi da guba. Wannan ɗabi'a ce ta ja wa ƙasa kunya a 2015, lokacin da Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan irin wannan magani a jikinsa. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ƙarfinta ya fi yawa a kan abin da ke cikin kwalba da gwangwani, alhali yawancin abincin talaka a mudu ake auna shi. Abin takaici, sai da baƙi suka ƙi wakenmu sannan muka tuna da cikin 'ya'yanmu.

5.0 Kammalawa

Daga Shirin Ciyar da Ƙasa na 1976, zuwa rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, ciki har da ta auduga mai hedkwata a Funtuwa, zuwa rabon taki ta wayar hannu a 2012, zuwa rancen manoma na Babban Banki a 2015, suna ne ke sakewa, ma'auni ɗaya ne: buhu nawa na taki aka raba, buhu nawa aka girbe. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikatar kula da kiwo mai zaman kanta. Wannan abin yabo ne in zai ɗaga darajar garke, amma abin tsoro ne in zai ƙara katanga tsakaninsa da gona.

Saboda haka ina ba da shawara uku. Na ɗaya, malamin gona da malamin dabbobi da jami'in duba abinci su zauna a cibiya ɗaya a kowace gunduma, su yi aiki da littafi ɗaya. Na biyu, a shata burtali da mashaya tare da hakimai da dagatai da arɗaɗai kafin a faɗaɗa kowane shirin noma. Na uku, a karkatar da wani kaso na tallafin taki zuwa ga buhun nan mai ninki uku da ke kashe ƙwaro ba da magani ba, da na'urar auna danshi a manyan kasuwanni, a kuma bambanta farashin hatsi mai tsabta. Mu kuma malaman kwalejojin ilmi, da muke horar da masu koyar da aikin gona, mu duba manhajarmu, domin ita ma ta raba abin da manomi bai raba ba.

Wannan shi ne iyakar abin da na hango, ina kuma sauraron gyaran malamaina. Allah Ya sa mu dace, amin.