Jakar baduku ta cancanci shiga lefe

In bukukuwa suka kankama, leƙa Kasuwar Garki ka ga inda mata ke cincirindo: wajen masu akwatuna da jakunkuna. An jera su saiti-saiti, kowanne da tambarin Gucci ko Louis Vuitton. Mai shago ya ce, "Hajiya, ɗauki wannan, ba ta ɓarewa." Ya san roba ce, ita ma ta sani. Kafin amarya ta shekara a ɗakinta, hannun jakar ya fara saɓulewa.

Kakanninmu sun kai lefe a adudu, aka koma kwalla, aka yi yayin fantimoti, yau ga akwati mai taya. Wannan bai dame ni ba, zamani riga ne. Shi kansa Louis Vuitton mai haɗa akwatin tafiya ne da ya buɗe shago a birnin Paris a 1854, ya yi suna da akwati mai shimfiɗaɗɗen murfi, wanda ake iya ɗora wani a kansa cikin jirgin ƙasa. Sana'ar hannu ce, irin ta mutanenmu.

Fatar ce ke ci mini rai. Shekaru aru-aru fatake na ƙetare Sahara da jemammiyar fatar jar akuyar Sakkwato, Turawa su saye ta a hannun 'yan kasuwar Maroko, har suka laƙaba mata sunan ƙasar. Har gobe masana'antun Kano na tura fata Italiya da Sifaniya. Can za a yanka, a ɗinka, a manna suna, mu kuma mu zuba kuɗi mu sayi jabun abin.

Majemin da ke jiƙa fata da bagaruwa a Ƙofar Wambai, da badukun da ya gaji ɗinkin gafaka da zabira, babu wanda ya fi su hannu. Sai dai a gaya wa dukawa gaskiya: zif yana cijewa, shafin ciki na ɗinkin gaggawa ne, wani lokaci ga warin jima. Ma'aikaciyar da za ta shiga ofis a Area 11 ba za ta rataya irin wannan ba, kuma ban ga laifinta ba. Duk abin gyarawa ne, ga cibiyar koyar da kimiyyar fata nan a Samarun Zariya.

Amma baduku ba zai sayi keken ɗinki mai kyau ba sai da ciniki. Gwaggonni da yayyen ango, ku ke haɗa lefe. Cikin jakunkuna shidan da za ku zuba, ku ba baduku aikin guda tun da saura wata biyu biki, ku zaɓi launi, ku ce ya buga sunansa a jiki.