Allurar Sin da Ƙahon Wanzami a Gaban Ciwon Fitsari

Daga Gumbin Kure zuwa Jega da Maiyama, wanda fitsari ya dama ba kasafai yake fara zuwa asibiti ba. Wurin mai magani yake tsayawa, ya ce sanyi ya kama shi. Zafin fitsari sanyi ne, yawan tashi cikin dare sanyi ne, har riƙewar fitsarin dattijo sanyi ake ɗora wa. Yankin ya yarda da hannun gargajiya, kuma da dalilinsa, tunda daga nesa ake kawo wa masu ɗorin Aliero masu karaya. Saboda haka da ƙwayoyi da shayin "maganin Chaina" suka shigo kasuwannin Arewa, ba su rasa masu saye ba.

Likitancin Sin na dauri shi ma da zafi da sanyi yake auna cuta. Littafin Huangdi Neijing, wanda ya haura shekara 2,000, ya ce akwai hanyoyin da ƙarfin rai ke bi a jiki. Hanyar mafitsara ce mafi tsawo, gurbi 67 gare ta a lissafin yau, ta taso daga kusurwar ido, ta bi ƙeya da gadon baya, ta dire a ƙaramin yatsan ƙafa. Allurar da ake tsirawa a waɗannan gurabe ba ta ɗauke da ruwan magani, tsira ta kawai ake yi a bar ta ta ɗan jima. Ƙaho kuwa kowa na yi: wanzami da ƙahon saniya, mutumin Sin da kofin gilashi ko na gora.

Sana'ar allurar ba ta rasa hujja ba. A 2017 mujallar likitoci ta JAMA a Amurka ta buga binciken da aka yi a asibitocin Sin kan mata 504 da fitsari ke kufce wa in sun yi tari ko atishawa. An tsira wa rabinsu allura a ƙugu, aka sa mata lantarki kaɗan, sau 18 cikin mako 6, kuma zubar ta ragu fiye da ta waɗanda aka yi wa allurar gangan. Ba sai an nemi wata ɓoyayyar hanya ba, jijiyoyin da ke juya mafitsara a nan ƙugun suke.

To amma wannan ba shi ne babban ciwon masu fadama ba. Yaron da ya yini yana wanka a Gulbin Zamfara, ko yana ban ruwan albasa, ya dawo da jini a ƙarshen fitsarinsa, tsargiya ce. Tsutsa ce da ke rayuwa a jikin dodon koɗi, wadda Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851. Ƙwayar praziquantel ke kashe ta, in kuma aka bar ta ta daɗe tana iya kai wa ga dajin mafitsara. Matar da doguwar naƙuda ko yankan gishiri ya bari da yoyon fitsari kuwa, huda ce a jikinta. Ɗinki take buƙata, irin wanda ake yi a Gesse ta Birnin Kebbi da Babbar Ruga ta Katsina, babu allura ko jiƙon da zai toshe ta.

Ga shi kuma abin da ya iso kasuwa ba allurar ba ce, ƙwayoyin ne, su ne kuma masu haɗarin. A farkon shekarun 1990, mata fiye da 100 a Beljiyam suka gamu da lalacewar ƙoda bayan sun sha haɗin rage ƙiba mai saiwar Sin ta dangin Aristolochia, wasunsu daga baya dajin hanyar fitsari ya kama su. Wannan dangi yana da ɗan'uwa a dazukan ƙasar Hausa, duman dutse, wanda masu magani ke ba da saiwarsa don ciwon ciki.